Neman shawara: an gayyace ni zaman keɓewa na masu binciken lafiya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a sakaya sunana. Ni lakcara ce a sashen nazarin jini na wata jami'a a Arewa, shekara biyu ke nan da na gama digiri na uku. Wata ƙungiya da ta haɗa masu binciken lafiya na jami'o'i da asibitocin koyarwa a Afirka ta Yamma ta gayyace ni zaman keɓewa na kwana uku a watan gobe. Kowane ƙaramin mai bincike za a haɗa shi da jagora daga wata jami'ar, kuma an ce in zo da shafi ɗaya na binciken da nake son nema wa tallafi, a karanta a gaban kowa.

Aikina kan sikila ne. Ina da samfurin jinin yara a firiza, wanda har dizal na taɓa saya da albashina don kada ya narke. Abu biyu ke damuna. Na taɓa ba wani babba daftarina ya duba, bayan shekara sai ga maƙala ta fito, sunana na biyar a jerin marubutanta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na biyu, farfesan da ya duba digirina kamar uba yake a wurina, ban san yadda zai ji an ba ni wani jagora ba. In je ko in ba da uzuri?

Wata farfesa: Ƙanwata, ki je. Shafi ɗayan nan ba su suka ƙirƙiro shi ba, haka NIH, hukumar Amurka mai tallafa wa binciken lafiya, ke nema a takardar neman tallafi, manufofi duka a shafi guda, kuma shi masu tantancewa ke fara karantawa. Gara a yi miki kaca-kaca da shi a ɗaki tsakanin mutum talatin, da a dawo miki da shi bayan wata shida. Batun sata kuwa, ra'ayi a takarda ba ya tafiya ko'ina sai da marasa lafiya, da izinin kwamitin ɗa'ar bincike, da samfur, duk kuma a hannunki suke. Abin da ya cuce ki a baya rashin rubutu ne. Kafin ki baro wurin ku zauna da jagoran ku rubuta sau nawa za ku riƙa magana, da wanda sunansa zai zo farko a kowace maƙala. Ƙa'idojin ICMJE, wato kwamitin editocin mujallun likitanci na ƙasa da ƙasa, guda huɗu ne na wanda ya cancanci a sa sunansa, ki buga su ki sa a jaka. Samfur kuma kada ko kwalba ɗaya ta tsallaka iyaka sai da yarjejeniyar miƙa samfur mai sa hannun jami'arki.

Wani lakcara: Ni dai biyu na halarta. Otal mai kyau, jaka da biro, hoton rukuni, shi ke nan. Jagoran da aka ba ni sau ɗaya ya amsa imel ɗina. Dakta, ki tambayi sunan naki tun yanzu, ki karanta maƙalunsa uku na baya-bayan nan. In kika ga ɗalibansa ba sa zuwa farko a ko ɗaya, kin san inda kika dosa.

Likitan yara daga Kano: Gaskiyar Malam ce, amma akwai haɗin da ya haifar da ɗa mai ido. Binciken SPRING a nan Arewa aka yi shi, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka a ciki. Yara masu sikila da na'urar auna gudun jinin ƙwaƙwalwa ta nuna suna cikin haɗarin shanyewar jiki aka ba maganin hydroxyurea, wasu miligiram 10 kan kowane kilo na nauyin jikinsu, wasu 20. Sakamakon ya fito a 2022, ba a ga bambanci tsakanin biyun ba wajen kare shanyewar. Ki dubi ƙanƙantar tambayar. Shafinki ya zama haka, kada ki ce za ki magance sikila gaba ɗaya.

Wani dattijo a rukunin: 'Yata, maganar malaminki ta fi komai sauƙi in kin riga kowa. Ki same shi da kanki, ki gaisa, ki miƙa masa shafin ki ce Baba a duba mini kafin in kai wa baƙi. Abin da zai yi masa ciwo shi ne ya ji a bakin wani a taron sashe.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Zan je gidan Baba ranar Asabar bayan la'asar. Saura ɗaya: ina da goyo ɗan wata takwas, ana zuwa da mai reno irin wannan wuri?

Wata farfesa: Da nawa na je, da ƙanwar mijina. Ki rubuta wa masu shiryawa yau, kafin su gama rabon ɗakuna.