Masu sanin Kuala Lumpur ku taimaka, zan kai Hajiya da madam

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina ne zai kammala digiri a Maleshiya wata mai zuwa, na ce tunda Allah ya hore bari in ɗauki Hajiyarmu da madam mu je bikin, mu ƙara kwana biyar a Kuala Lumpur mu buɗe ido. Biza ta fito, tikiti ma mun yanka ta Doha. Damuwata abinci ce, tunda Hajiya ta ji an ce garin cike yake da 'yan Chana da Indiyawa ta ce ita fa garin kwaki da ƙuli za ta ƙulla, ba za a ɗura mata alade tana ji tana gani ba, ga ta da ciwon gwiwa. Madam kuma ta ga hoton wani dutse mai matattakala kala-kala ta kafe sai an je. Shi ƙanin nawa daga aji sai ɗaki, ba inda ya sani. A ina ya kamata mu sauka, kuma ina da ina za mu je?

Injiniya Bash:
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sanya albarka a karatun. Shekara huɗu na yi a can, ka ce wa Hajiya ta kwantar da hankalinta. Malayawa su ne mafi yawa a ƙasar kuma musulmai ne, akwai hukumarsu JAKIM mai ba da tambarin halal, za ka gan shi manne a ƙofar gidan abinci, in ba ka gani ba ka tambaya, ba wanda zai ji haushi. Inda za ka kula shi ne titunan Jalan Alor da Petaling Street, can 'yan Chana suka fi yawa, alade da giya a fili, ku je kallo da hoto amma ci sai ka duba da kyau. Ku nemi shagunan mamak, na Indiyawa musulmai ne, da yawansu ba sa rufewa har asuba, ka ce a ba ka roti canai, wata irin gurasarsu, da teh tarik, shayi ne da madara da mai shayin yake ɗagawa sama yana tsiyayawa kamar dai namu na bakin tasha. Da daddare ku shiga Kampung Baru ku ci nasi lemak, shinkafa ce da aka dafa da madarar kwakwa, da yajinsu sambal da gyaɗa da 'yan ƙananan kifi. Sai dai fa mutanen nan suna son suga, har a yajin sai ka ji zaƙi-zaƙi, don haka yajinku na gida kar ku baro shi. Masauki ku kama kusa da babbar tashar jirgin ƙasa ta KL Sentral ko unguwar Bukit Bintang, kuma saboda gwiwar Hajiya ka sauke Grab, manhajar kiran mota, a wayarka kawai, ka manta da tasin kan titi.

Maman Ilham:
Yaya dutsen da madam ta gani Batu Caves ne, jirgin ƙasa na KTM daga KL Sentral har bakinsa yake kai ka, har da taragon mata zalla. Matattakala 272 ce, Hajiya kam ta zauna a ƙasa ta sha ruwan kwakwa, ni da ƙuruciyata sai da na huta sau uku. Kuma birai! Ina tsakiyar hawa da ledar biskit a hannu wani ya diro ya fizge, ya koma kan ƙarfen gefe ya zauna ya yage ledar yana ci yana kallona ko kunya babu, maigidan sai dariya yake yana ɗaukar bidiyo. Ku je da sassafe kafin rana ta buɗe, da yamma yawanci ruwa ake tafkawa. Madam in tana son mayafai da yaduka ta je Jalan TAR da Jalan Masjid India, ta yi ciniki sosai.

Malam Nura:
Allah ya kai ku lafiya. Abu ɗaya, a gaya wa madam wurin nan ɗakin bautar Hindu ne, akwai ƙaton gunki ruwan zinare a bakin matattakalar, kar ta je ta ce ba a faɗa mata ba. In kun je ku kama bakinku ku mutunta masu wurin. Ni da zan ba da shawara a fara da Masjid Negara, gidan adana kayan tarihin musulunci yana nan kusa da shi, akwai lifta da sanyi, zai fi yi wa Hajiya. Kuma Shafi'iyya ne su, in ta ji liman ya ɗaga murya da ƙunuti a sallar asuba kar ta ce an yi kuskure.

Ɗan Fagge:
Duk kun bar babbar magana. Alhaji ka buga tikitin dawowa da takardar otal da takardar gayyatar makaranta a takarda ka riƙe a hannu, da katin rigakafin shawara, sannan ka cike MDAC, fom ɗin shiga ƙasar, a intanet cikin kwana uku kafin ku sauka, kowa da nasa. Kuma ko ɗan uwanka ne ya ce ka riƙe masa saƙo a rufe kar ka karɓa, hukuncin ƙwaya a ƙasar nan har kisa yana kaiwa. Tikitin hawa tagwayen dogayen benayen nan na Petronas ku saya tun da wuri don yana ƙarewa.

Abban Hanifa:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Hajiya duka, ta yarda da nasi lemak amma ta ce garin kwakinta yana nan a jaka. Madam kuma jin labarin birai ta fara ja da baya. Injiniya wai mene ne durian da yaron nan yake ta cewa sai mun ci?

Injiniya Bash:
Hhhh Alhaji ɗan itace ne mai ƙaya, warinsa ya fi daddawa nesa ba kusa ba, otal da yawa ma sun hana shiga da shi. Ku ci a bakin titi, kuma a fara ba shi ƙanin naka tukuna.