Littattafan dole a sakandare ne ke sa yara su tsani karatu

Malam Sabi'u: Abin nan ya ishe ni. Littattafan da ake ɗora wa ɗalibai dole a darasin adabi su ne ke kore su daga karatu. Ku yi lissafi: ƙagaggen labari mai shafi 200, karanta shafi ɗaya da babbar murya yana cin kusan minti biyu, wato minti 400. Darasi minti 40 ne. Darasi goma ke nan ba bayani ba tambaya, ga wasan kwaikwayo da waƙoƙi suna jira. Sai malami ya rubuta taƙaitawa a allo, yara su haddace jigo da sunayen taurari, su shiga jarrabawa ba su wuce babi na uku ba.

Malama Rakiya: Malam, me ya sa "dole" ta zama laifi a adabi kaɗai? Lissafi ma dole ne, ban ji ka yi kuka da shi ba.

Injiniya Bashir: Ba ɗaya ba ne, Malama. Lissafi mataki ne kan mataki, wanda bai iya ninkawa ba ba zai iya rabawa ba. Labari kuwa ana iya musanya shi da wani.

Malama Rakiya: Ku 'yan kimiyya kullum haka kuke raina mu. Idan kowa ya zaɓi nasa, da wace takardar maki za a duba amsar ɗalibi 60? Littafi ɗaya ake sa wa kowa don a auna su da ma'auni ɗaya.

Hajiya Talatu: Ƙanwata, dole iri biyu ce. Akwai ta manhaja, akwai wadda malami ya ƙirƙira. Karatun zagaye, kowa sakin layi ɗaya, shi ne ɓarnar: yaro yana ƙirga layuka don ya gano nasa, ba ya sauraron komai. A ba su shafi 15 su karanta a gida da tambayoyi uku, a aji a tattauna. Wasan kwaikwayon Shakespeare, marubucin nan na Ingila, kuma don dandamali aka rubuta shi, Turancinsa ya haura shekara 400. A raba matsayi, a yi fitowa ɗaya a tsaye, sannan a koma kan kalmomin.

Injiniya Bashir: To a nuna musu fim ɗin kawai mana.

Malam Ɗanjuma: Kallo ba karatu ba ne! Fim yana yanke fitowa, yana haɗe taurari biyu su zama ɗaya. Mai duba jarrabawa yana gane ɗan fim tun daga layin farko, domin zai kawo abin da babu a littafin.

Injiniya Bashir: Wanda ya saurari littafi a waya fa, shi ma bai karanta ba?

Malam Ɗanjuma: Ya ji labari, amma bai ga rubutun kalma ba, ba zai iya tsamo hujja daga shafi ba.

Malam Sabi'u: Jama'a, maganar lokaci na kawo, ba wanda ya taɓa ta.

Malama Rakiya: Bari in tattara. An yarda littafi ɗaya ga kowa shi ne adalci, fim ba ya maye gurbinsa, kuma gyaran yana hannun malami kamar yadda Hajiya ta faɗa. Masu cewa a soke dole ba su kawo hujja ko ɗaya ba.