Taya abokin aiki, shawarwarin da na tsinta a majalisa

Jiya da yamma muka tada maganar me ke sa mutum ya tsaya bayan an tashi ofis yana taya wani aiki, ba wanda ya sa shi, ba alawus ba komai. Wani dattijo a cikinmu ya ce ai gadon gayya ne, yadda samari a ƙauye ke haɗuwa su nome gonar mutum ɗaya a ba su fura da tuwo, gobe a koma ta wani, to a ofis ma ya zama karɓa-karɓa, kar kullum mutum ɗaya ne ke kamawa.

Inda aka fi daɗewa shi ne kunya da kara. Yaro ba zai iya ce wa oga a'a ba, sai a yi ta jibga masa aiki ana cewa yana da kirki, wallahi wannan ya dame ni don na gani da idona. Aka ce ya kamata oga ya daina ɗaukar shiru a matsayin yarda. Kuma da yawanmu ba ma iya roƙo, in ka ga mutum ya rikice kawai ka ce kawo in kama maka. In babba ne kwamfuta ta gagare shi, ka nuna masa a keɓe ba a gaban yara ba.