Muryoyin cikin gem: wacce ta riƙe ku, wacce ta kore ku?

Ɗan Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk inda aka zauna hirar gem, wato wasan bidiyo, a garin nan, maganar ba ta wuce kyan hoto da girman taswira da ko na'urar mutum za ta iya ɗauka. Da wuya ka ji an tsaya a kan murya, alhali ni ita ce ke sa in bi labari ko in riƙa tsallake shi. Ina nufin mutanen da ake ɗauka su shiga situdiyo su yi maganar jaruman. Wani in ya buɗe baki sai ka ajiye hannun gem a cinya ka kasa kunne. Wani kuwa ko kuka yake yi, ka san takarda ce a gabansa.

Ni wadda ta riƙe ni ita ce ta Arthur Morgan a Red Dead Redemption 2, wanda ya fito a 2018. Roger Clark ne ya yi ta. A farkon labari muryar cike take, ta mutum mai ji da ƙarfinsa. Da tarin fuka ya kama Arthur sai ta fara ramewa a hankali, numfashi na yanke masa zance. Akwai wurin da ya zauna a tashar jirgin ƙasa da wata mata mai hidimar coci, ya gaya mata cewa tsoro yake ji. Bai ɗaga murya ba ko kaɗan, amma sai da tsigar jikina ta tashi. A shekarar ce aka ba Clark kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin karrama masu gem na The Game Awards, kuma ban ga wanda ya fi shi cancanta ba.

Kowa ya kawo tasa, mai daɗi ko marar daɗi.

Mai gidan gem, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, domin tun zamanin PlayStation 2 nake wannan sana'a. Muryar farko da ta mamaye shagona ko Turanci ba ta yi. Jon Kabira ne, mai sharhin gem ɗin ƙwallo na Winning Eleven da Japananci. Babu yaro ɗaya a layinmu da ya san abin da yake faɗa, amma in an ci ƙwallo tare da shi suke ihu, har a hanyar Islamiyya za ka ji suna kwaikwayonsa. Mutumin da zuciya ɗaya yake murna, kuma wannan ba ya buƙatar tafinta.

Ga abin da nake gani daga kujerata ta bakin ƙofa. Yaro ya biya kuɗin lokaci ne, saboda haka da zarar an fara surutu yake danna maɓalli ya wuce, ba zai ƙona kuɗinsa a kan hira ba. Gem ɗin da na ga ya karya wannan al'ada shi ne God of War na 2018. Jarumin gem ɗin, Kratos, na da wanda T.C. Carson ya yi, ihu ne da fushi, kuma ya dace da wancan zamani. Da Christopher Judge ya karɓa sai Kratos ya zama uba mai ƙarancin magana, murya can ƙasa, yana so ya nuna wa ɗansa ƙauna amma bai iya ba. Na ga yaro da kansa ya miƙe ya tura ƙofa don ƙarar janareto ta ragu, ya dawo ya matsa jikin talabijin, lokacinsa na tafiya bai damu ba. Na ƙara masa minti goma ban karɓi ko sisi ba.

'Yar Malali:
Ni a na'urar yayana na buga The Last of Us, a falo, Mama na gefe tana tsince shinkafa. Ba ta jin Turanci kuma ba ruwanta da gem. Wanda ya buga ya san abin da ke faruwa a farkonsa, lokacin da Joel ke riƙe da 'yarsa bayan an harbe ta. Mama ta ajiye faranti ta ce, "Ke, me ya sami yarinyar nan?" Na gaya mata. Ta yi salati, ta ce in rage sautin don ba za ta iya jin muryar uban ba.

Daga baya na kalli yadda aka ɗauki aikin. Troy Baker da Ashley Johnson, masu yin Joel da Ellie, wata yarinya da yake wa rakiya daga baya a labarin, ba a ɗaki daban-daban aka kulle su ba. Tare suke tsayawa a fili guda, sanye da kaya masu ɗigo-ɗigo da kyamarori ke bi, suna kallon idon juna, wani na katse wani. Shi ya sa in Ellie ta yi fushi kake jin da mutum take faɗa, ba da bango ba. Johnson ta ci kyautar BAFTA ta Birtaniya a 2014 saboda wannan rawa. Abin da ya fi burge ni babbar mace ce a lokacin, amma ba ta ƙanƙance murya don ta zama yarinya 'yar shekara 14 ba, halin yarinyar ta ɗauka.

Ɗan Kawo:
Ku yi haƙuri, ni ban cika bin masu dogon labari ba, ƙwallo ce tawa. Kuma a nan matsalar daban ce: maimaici. Mai sharhin ƙwallo Peter Drury gwani ne, wanda ya ji shi a wasan gaske ya sani. Amma a gem jimlolin da aka ɗauka ne kawai ke juyawa, bayan wata guda ka haddace su kaf, kana riga shi faɗa. Sannan ku lura da sunayen 'yan wasa. Daban ake ɗaukar suna, sau da yawa da sauti iri-iri, na'ura ce ke liƙa shi a cikin jimla. Wani lokaci jimlar a kwance take, sunan ya fito da ihu. Kunne na kama wannan ɗinkin nan take.

Da na gaji sai na koma sharhin Larabci. Issam Chaouali, ɗan Tunisiya, ya fara yi wa gem ɗin ƙwallo na FIFA sharhi a FIFA 12, kuma zafinsa ya fi kusa da yadda muke kallon ƙwallo a gidan kallo. Shi ma yana maimaitawa, amma tunda ba duka nake ganewa ba, bai gundure ni da wuri ba.

Malamin Rigasa:
Ɗan Kawo ka tuna mini. Ni Larabci nake koyarwa, kuma wani ɗalibina ne ya matsa mini in gwada Assassin's Creed Mirage na 2023, wanda labarinsa ke Bagadaza a ƙarni na 9, zamanin Abbasiyawa. Da Turanci na fara, ba laifi. Da na juya shi Larabci sai garin ya zama gari. Eyad Nassar, ɗan wasan Jodan, shi ya yi muryar Basim, da Larabci tsantsa mai tsabta, haruffa na fita daga inda ya kamata su fita. 'Yan kasuwa na kiran ciniki, mutane na gaisawa, kuma ana jin kiran salla daga nesa. Na tsayar da jarumin a kan wani soro na saurara har aka gama.

Shawarata, in gem yana da muryar harshen ƙasar da labarin ya faru, a zaɓe ta, a bar rubutun ƙasa ya yi fassara. Haka na yi da Ghost of Tsushima. Sai dai a fitowarsa ta 2020 motsin leɓe na Turanci ne ko da ka zaɓi Japananci, sai a sabon bugun 2021 na PlayStation 5 aka daidaita. Mu da muka saba da fina-finan Indiya masu fassarar Hausa wannan ba zai dame mu sosai ba.

Ɗan Hayin Banki:
Ƙaramin ƙari: babban suna ba ya nufin babban aiki. Peter Dinklage ya yi wata murya a Destiny a 2014, mutane suka yi ta ƙorafin ba ta da rai, a 2015 aka sake ɗaukar dukkan layukan da Nolan North. Amma Samuel L. Jackson a GTA San Andreas ya sa na tsani Tenpenny, ɗan sandan da ya yi wa murya, da gaske, har yau.

Baba na Unguwar Sarki:
'Ya'yana sannunku. Jikana ne ya nuna mini wannan hira, shi ke bugawa ni ina gefe ina sauraro. Na yi wasan kwaikwayon rediyo a ƙuruciyata, saboda haka ku bar ni in kare waɗannan bayin Allah kaɗan.

In kun ji murya ta mutu, kada ku yi saurin ɗora wa mai ita. Sau da yawa shi kaɗai ake sakawa a ɗaki, a miƙa masa jerin layuka ba a jere yadda labarin yake ba. Bai san wa yake gaya wa ba, bai san ko mutumin na kusa da shi ko yana ƙetaren kogi ba, bai san abin da aka faɗa kafin nasa ba. Kamar a ce ka dafa miya ba a gaya maka da tuwo za a ci ko da shinkafa ba. Laifin na mai ba da umarni ne, shi ya kamata ya zauna ya ba shi labarin, ya ce masa a nan ka gaji, a nan ƙarya kake yi kuma kana tsoron a gane.

Mu a da makirfo ɗaya muke zagayewa. Mai nisa ya ja da baya, mai raɗa ya matso, in za ka juya takarda sai ka kauce don kada a ji ƙararta. Kuma abu na farko da aka koya mana shi ne sauraro. Wanda ke jiran abokinsa ya gama don ya faɗi nasa, ba wasa yake yi ba, karatu yake yi. Marigayi Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, da ya yi magana a rediyon Kaduna kana ganin kakin soja da idon zuciyarka, ba hoto ba komai. Abin da 'Yar Malali ta ce game da tsayawa tare, shi ne dai wannan tsohon ilimi, kuɗi da kyamarori kawai aka ƙara masa.

Abu ɗaya da ke ba ni tausayi a gem ɗin yaƙin da jikana ke bugawa shi ne ihun mutuwa. Duk wanda aka harba sai ya ƙwala ƙara, kuma mutum ne ya tsaya yana wannan ƙara awa da awanni. Maƙogwaro nama ne, yana tsagewa.

Bazazzagi mazaunin Barnawa:
Allah ya ƙara girma Baba. Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake yi wa baƙin mutum murya. Na buga gem fiye da ɗaya da za a ce maka jarumi ɗan Afirka ne, sai ka ji wani lafazi da ba na kowa ba, ba na Najeriya ba, ba na Kenya ba, ba na Gana ba. An dai kumbura murya an ja kalmomi, shi ke nan wai Afirka. Raini ne.

Amma akwai masu ƙoƙari. Abubakar Salim, ɗan Birtaniya mai asali da Kenya, shi ya yi Bayek a Assassin's Creed Origins a 2017, uban da aka kashe wa ɗa, kuma zafin yana fita a muryarsa. Daga baya ya kafa kamfaninsa ya fitar da Tales of Kenzera: ZAU a 2024 don tunawa da mahaifinsa, ya sa aka yi wa gem ɗin murya da Swahili. Doomfist na Overwatch Bayarabe ne a labarin, Sahr Ngaujah ne ya yi shi.

Mu ma an taɓo mu. A 2021 aka ƙara Hausawa a Age of Empires III, babban birninsu Kano, akwai mahayan lifidi, akwai maigadi, kuma in ka danna mutanenka da Hausa suke amsawa. Gajerun kalmomi ne na karɓar umarni, amma ranar da na fara ji sai da na kira ƙanena a waya na kara masa a lasifika. Sannan Civilization VII na 2025 ya sa Sarauniya Amina ta Zazzau cikin shugabanni, tana magana da Hausa. Ni Bazazzagi, kun san yadda na ji. Abin da nake jira yanzu shi ne labari cikakke, inda mutum biyu za su yi gardama da Hausa, uwa ta yi wa ɗa faɗa da Hausa.

Ɗalibar kwamfuta, Unguwar Dosa:
Yaya Bazazzagi, abin da muke gwadawa ke nan ni da abokan karatuna, ɗan ƙaramin gem na waya, labarin yarinya mai neman ƙanenta a kasuwa. Don rashin kuɗi muka fara da muryar na'ura. Kalmomin sun fito daidai, amma karin sauti a miƙe, dogon wasali da gajere duk ɗaya, tambaya da umarni ba bambanci. Na kunna wa kakata, ta ce wannan ba ta san ciwon ɓatan yaro ba. Muka goge.

Kuma ba mu kaɗai abin ya dama ba. 'Yan ƙungiyar masu wasan kwaikwayo ta SAG-AFTRA a Amurka sun yi yajin aiki a kan kamfanonin gem daga 2016 zuwa 2017, kuma cikin ƙorafinsu har da abin da Baba ya faɗa, lahanin ihu ga maƙogwaro da rashin gaya musu aikin da suke yi. Suka sake shiga wani a Yulin 2024 har zuwa Yunin 2025, wannan karon a kan kwafar muryarsu da na'ura ba da yardarsu ba. Ina bayansu ɗari bisa ɗari.

Baba, don Allah in muna so mu ɗauka da mutane, ba mu da situdiyo, ta ina za mu fara?

Baba na Unguwar Sarki:
'Yata, ku nemi ɗaki ƙarami mai katifa da labule, ku rataya barguna a bango, ku kashe fanka. Ku ɗauka da sassafe bayan asuba, kafin masu janareto da 'yan acaɓa su tashi. Kada ku ba kowa layukansa kaɗai, ku karanta musu labarin duka tukuna. Yarinyar da mai shagon da take tambaya su tsaya ɗaki guda suna kallon juna, kuma wurin da za ta yi ihun kiran ƙanenta ku bar shi ya zama na ƙarshe. In kuna buƙatar muryar tsoho a kasuwar, ku gaya wa jikana, zan zo.