Wai talaka ne ya kashe PRP da ya sayar da ƙuri'arsa?

Malamin Gusau: Ga abin da na ce, kuma ina nan a kai. A 1979 jam'iyyar PRP ta ci gwamnan Kano da na Kaduna, jagoranta Malam Aminu Kano ya samu kusan kashi 10 cikin 100 a zaɓen shugaban ƙasa. A 2023 ɗan takararta Kola Abiola ko ƙuri'a 100,000 bai haɗa ba a faɗin Najeriya. Mabuɗin nan dai, alamar jam'iyyar, shi ne a takardar zaɓe. Talaka ne ya canza, taliya da atamfa suka fi mashi aƙida.

Dattijon Ƙaura: Malam, a bar ɗora wa talaka laifi. A nan yankin Zamfara yaushe PRP ta yi ƙarfi? A 1979 muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, gidan Shagari. NPN ta ci gwamna da Shehu Kangiwa, babbar mai adawa kuma GNPP ce. Can inda PRP take da ƙarfin ma daga cikin gida ta tsage, 'yan Santsi da 'yan Taɓo. Majalisar da NPN ta fi rinjaye ta tsige gwamnan Kaduna Balarabe Musa a Yunin 1981, gwamnan Kano Abubakar Rimi ya koma NPP, Malam Aminu Kano ya rasu a Afrilun 1983. Duk da haka Sabo Bakin Zuwo na PRP ya ci Kano a shekarar.

Malamin Gusau: To Baba, ai ka taya ni. Mutanen wancan lokaci sun tsaya.

Hajiyar Talata Mafara: Sun tsaya don sun gani a ƙasa, Malam. An soke haraji da jangali. Yau a zo a yi lissafin ranar zaɓe. Zamfara na da ƙananan hukumomi 14, mazaɓu 147, rumfuna sama da 3,000. Kowace rumfa tana son ejan, kuma Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce a miƙa wa INEC sunayensu kwana 14 kafin zaɓe. A ce naira 5,000 kacal za a ba kowane, na mota da abinci, an wuce miliyan 15 kafin a je ga masu tsaron wurin tattara sakamako. In babu ejan, wa zai sa hannu a fom EC8A, takardar sakamakon rumfa, ya karɓi kwafi? Ba kwafi a hannu, ka je kotun zaɓe da baki kawai, lauyan ɗaya ɓangaren ya yi maka dariya. Ko ejan ɗin ya zo, in ba ɗan garin ba ne, ana fara ƙirga ya ga duhu ya yi, sai ya kama hanya.

Ɗan Anka: Gaskiyar Hajiya. Ga kuma sharaɗin gwamna: rinjaye, da kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi, wato 10 a nan. Ƙaramar jam'iyya ta zuba ɗan abin da take da shi a takarar gwamna, asara ce. Kujerar majalisar jiha ɗaya za ta kama ta riƙe.

Malamin Gusau: Kujera ɗaya me za ta yi, ƙanena?

Ɗan Anka: Ita ke riƙe rajista, Yaya. A Fabrairun 2020 INEC ta soke jam'iyyu 74, 18 suka rage. PRP ta tsira da kujerun da ta ci a Bauchi a 2019. Ka tuna kuma hukuncin Kotun Ƙoli na Mayun 2019 da ya watsar da ƙuri'un APC a nan jihar saboda rashin zaɓen fidda gwani: wanda ya zo na biyu aka rantsar. Wanda bai tsayar da kowa ba bai ga komai ba.

Dattijon Ƙaura: Amma ɗana, sau da yawa masu cin kujera a ƙananan jam'iyyu fusatattu ne da aka hana tikiti a manya. Su ari tuta, su ci, su koma gida. Wannan ba ginin jam'iyya ba ne. NEPU, tsohuwar jam'iyyar Malam Aminu Kano, tun 1950 da katin ɗan jam'iyya da kuɗin talakawa ta rayu.

Hajiyar Talata Mafara: To Malam, a mazaɓarka mutum nawa ke biyan kuɗin kati duk wata? Kawo adadin mu ci gaba.