Yaya ake kwashe mabiyan Facebook zuwa wasiƙar imel ba tare da ta ƙare a akwatin shara ba?

Rahoton_Hatsi

Assalamu alaikum. Tambaya ce ga waɗanda suka san harkar wasiƙun imel. Shafi ne na Facebook mai mabiya wajen 40,000, yana kawo farashin masara, gero, dawa da wake daga Dawanau da wasu kasuwannin ƙauye duk mako, kuma yana da tasha a WhatsApp. Yanzu rubutu ɗaya da ƙyar yake kaiwa ga kaɗan daga cikin mabiyan, shi ya sa ake son buɗe wasiƙar imel ta mako-mako. Shin akwai hanyar sauke adireshin imel na mabiyan daga Facebook? Jerin adireshi da wasu ke tallatawa na sayarwa yana da amfani? Wace manhaja ta dace, kuma mutum nawa za a sa ran za su biyo?

Baban_Sumayya

Wa alaikumus salam, Malam. Facebook ba ya ba mai shafi adireshin imel na mabiyansa, ko da ka sauke duk bayanan shafin. Tashar WhatsApp ma ba ta ba ka jerin lambobin masu binka. LinkedIn ne ke ɗan sakin fuska, shi ma sai adireshin waɗanda suka ba da izini a saitinsu, kuma izinin bai haɗa da aika musu wasiƙa duk mako ba. Saboda haka a cire kalmar kwashewa daga lissafi. Kowane mutum sai ya tako da ƙafarsa ya rubuta adireshinsa, aikinka shi ne ka gajarta masa hanya ka kuma ba shi dalilin tasowa.

Tsoron dogaro da Facebook kaɗai yana kan hanya. Gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga 5 ga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022, fiye da wata bakwai, masu dogaro da shi suka rasa hanyar isa ga jama'arsu. A ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke tare na kusan awa shida. Har manhajar wasiƙa kanta tana iya mutuwa: Twitter ya rufe Revue, manhajarsa ta wasiƙun imel, a Janairun 2023. Bambancin shi ne masu amfani da Revue sun iya sauke jerin adireshinsu suka koma wani wuri. Abin da kake nema ke nan, jerin da ke hannunka.

Ka fara da shafin rajista guda ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai karɓar adireshi. Layi ɗaya da ke faɗin abin da mutum zai samu da ranar da zai samu, misali "Farashin buhun masara, gero, dawa da wake daga kasuwanni biyar, duk safiyar Litinin", sai gurbin imel, sai maballi. Kada ka tambayi jiha, sana'a, shekaru da lambar waya a nan, duk gurbin da ka ƙara wasu za su juya. Hotuna masu nauyi ma a bar su, domin kusan kowa ta waya zai shigo, ta cikin burauzar da ke manne da manhajar Facebook, wasu a inda sabis ke rawa. Ka gwada shafin da kanka a ƙaramar wayar Android, ta hanyar latsa mahaɗin daga cikin Facebook ɗin.

Wani abu da ake mantawa: masu hawa Facebook a tsarin kyauta ba sa iya buɗe shafin waje sai da data. Mutum zai latsa, ya ga an ce ya sayi data, ya koma. Don haka sanarwa ɗaya ba ta wadatarwa, dole a riƙa maimaitawa a ranaku da lokuta daban-daban.

Inda za ka sa mahaɗin: maballin saman shafi, rubutun da aka kafe a sama, bayanin tashar WhatsApp, da ƙarshen kowane rahoto. Amma abin da ke motsa mutane shi ne rabon abin da ake bayarwa. Idan duk rahoton yana Facebook, babu mai wahalar da kansa. Ka bar farashin kasuwa ɗaya ko biyu a shafin kamar yadda aka saba, cikakken jadawali da kwatanci da makon jiya da bara su tafi imel, kuma su isa can kwana ɗaya kafin komai ya fito a Facebook. Ɗan kasuwar da zai yi lodi Talata ya san darajar jin farashi Litinin.

Kan adadi, kada ka gina lissafi a kan 40,000. Duba yawan waɗanda rubutunka ke kaiwa gare su a zahiri. A ce sanarwa ta kai ga mutum 3,000, ɗari suka latsa, talatin suka yi rajista. Misali ne kawai, amma haka siffar abin take, kowane mataki yana zubar da mafi yawa. Ɗaruruwa a watannin farko ba gazawa ba ce.

Injiniya_DNS

Malam Baban Sumayya ya gama da ɓangaren jawo mutane. Ni zan tsaya kan isar wasiƙar, don a nan yawancin sababbin wasiƙu ke mutuwa ba tare da mai su ya sani ba.

Jerin sayarwa guba ne, kada ka taɓa shi. Cike yake da matattun adireshi, musamman tun da Google ya fara goge asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba daga Disamban 2023. Akwai kuma adireshin tarko da masu yaƙi da saƙonnin banza ke dasawa don kama irin wannan aika-aika. Wasiƙu su yi ta dawowa, waɗanda suka samu su danna cewa shara ce, kamfanin da kake aikawa ta hannunsa ya rufe asusunka. Gmail na son ƙorafin shara ya tsaya ƙasa da kashi 0.1 cikin ɗari, kada ya taɓa kai 0.3. Wato mutum uku cikin dubu sun isa su ɓata maka suna.

Kada kuma ka yi aika daga Gmail ɗinka ta hanyar cusa adireshi a gurbin Bcc, wato gurbin da ke ɓoye adireshin sauran masu karɓa. Asusun kyauta yana da iyakar kusan 500 a rana, babu mahaɗin fita daga jerin, kuma kuskure ɗaya zai tona adireshin kowa ga kowa.

Ka sayi domen naka, wato sunan shafinka a intanet, ko .com ko .com.ng daga dillalan da NiRA, hukumar da ke kula da domen .ng, ta amince da su, wasiƙar ta riƙa fita daga adireshi irin rahoto@ sunan domen ɗin. Sannan ka shiga saitin DNS, inda ake rubuta bayanan domen ɗin, ka sa abubuwa uku: SPF, DKIM da DMARC. SPF yana lissafa sabobin, wato kwamfutocin aika wasiƙa, da aka yarda su aika da sunanka. Layi ɗaya tak ake so, idan ka riga kana da shi sai ka ƙara sabon kamfanin a ciki, domin layi biyu na SPF suna rushe juna. DKIM sa hannu ne na sirri a kan kowace wasiƙa, kamfanin zai ba ka layukan da za ka kwafa. Kuskuren da aka fi yi shi ne rubuta cikakken sunan domen a gurbin da shi ma yake ƙara shi da kansa, sai sunan ya fito sau biyu, tantancewa ta ƙi. DMARC kuma yana faɗin abin da za a yi da wasiƙar da ta kasa tantancewa; ka fara shi da p=none, wato a sa ido kawai, ka karanta rahotanninsa na wasu makonni kafin ka tsananta. Tun shekarar 2024 Gmail da Yahoo suka wajabta waɗannan ukun ga masu aika da yawa, a wajen Gmail wasiƙa 5,000 a rana, tare da fita da latsawa ɗaya wadda dole a aiwatar cikin kwana biyu. Ko ba ka kai adadin ba, ka yi su tun yau.

Sabon domen ba shi da suna a wajen Gmail, kamar baƙon ɗan kasuwa ne da ba a san shi da bashi ko biya ba. Fara da kaɗan, ka ƙara a hankali. Tunda mutanenka za su shigo ne da ɗai-ɗai, wannan zai faru da kansa, sai dai idan ka tara adireshi na wata uku ba ka aika komai ba sannan ka sake su rana ɗaya. Yi rajista da Google Postmaster Tools don ganin yadda Gmail ke kallonka.

Abu biyu ƙanana. Gmail yana datse wasiƙar da ta haura kilobayit 102, kuma ƙasan da ake datsewa nan ne mahaɗin fita yake, sai mai son fita ya danna shara. Jadawalin da aka kwafo daga Word ko Excel yana jawo tarkacen da ke kumbura wasiƙa. Sai haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ: idan za ka shigar da sunaye daga Excel, adana fayil ɗin a matsayin CSV UTF-8, in ba haka ba "Ɗanladi" zai fito da alamar tambaya a goshinsa.

Manhaja kuwa, Kit, beehiiv, MailerLite, Brevo da Mailchimp duk suna da tsarin kyauta, amma iyakokin suna canzawa, ka duba a ranar da za ka buɗe. Substack kyauta ne ga wasiƙar da ba a biya, yana ɗaukar kashi 10 cikin ɗari idan masu karatu na biya, kuma kuɗin ta kamfanin biyan kuɗi na Stripe suke bi, abin da ke wahalar da mai asusun banki na Najeriya. Sharaɗin da ba a sassautawa: manhajar ta bar ka ka sauke jerinka duk lokacin da ka so.

Maman_Ilham

Akwai abin da ya kamata a faɗa game da mutanen da ake magana a kai. Kusan duk mai wayar Android yana da adireshin Gmail, amma da yawa mai shagon waya ne ya buɗe musu ranar da suka saya. Ba su haddace shi ba, ba sa buɗe akwatin. Za ka ga gmail.con da gmial.com, ko mutum ya rubuta sunansa kawai. Saboda haka a shafin rajista ka sa gajeren bayani da Hausa kan inda mutum zai ga adireshinsa: ya buɗe Play Store ya taɓa hotonsa a sama.

Wannan ne ya sa nake goyon bayan tabbatarwa sau biyu, wato bayan cika fom a aika wasiƙar da sai ya latsa kafin ya shiga jerin. Za ka rasa wasu, gaskiya ne. Amma wanda ya kasa nemo wasiƙa ɗaya ya latsa ba zai karanta ta Litinin ba. Abin da ke rage asarar shi ne shafin da ke fitowa bayan rajista. Kada ya tsaya a "mun gode". Ya ce: buɗe Gmail yanzu, nemi saƙo daga wane, idan babu duba Promotions ko Spam. Ka fassara wasiƙar tabbatarwar zuwa Hausa, don manhajojin da Turanci suke aika ta.

A wasiƙar maraba ka yi tambaya ɗaya mai sauƙin amsawa, kamar wace kasuwa ce ta fi kusa da kai. Amsar tana nuna wa Gmail cewa akwai alaƙa tsakaninku. Wannan na da muhimmanci domin a saitin asali wayar tana ƙara ne kawai idan saƙo ya faɗa Primary, babban sashen akwatin Gmail.

Ta fuskar doka, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai tattara bayanai nauyin tabbatar da cewa an ba shi izini, kuma shiru ba izini ba ne. Tabbatarwa sau biyu tana ajiye maka rana da lokacin da kowa ya amince.

Rahoton_Hatsi

Allah ya saka da alheri. Hajiya, to idan mutane suka rubuta adireshinsu a ƙarƙashin rubutu ko suka turo ta WhatsApp, a shigar da su da hannu? Kuma tallan Facebook na biya yana da fa'ida a nan?

Maman_Ilham

Kada ka nemi a rubuta adireshi a fili, masu damfara suna tsince su. Wanda ya turo ta WhatsApp, mayar masa da mahaɗin fom ɗin ya cika da kansa, ko ka cika masa a fom ɗin da zai aika masa wasiƙar tabbatarwa. Shigarwa kai tsaye cikin jerin tana tsallake wannan matakin.

Baban_Sumayya

Kan talla, akwai nau'in da fom ke buɗewa a cikin Facebook ɗin, ya cika adireshin da kansa daga bayanan asusun mutum. Yana da arha wajen tara adadi, matsalarsa ita ce adireshin da ke fitowa sau da yawa tsoho ne da aka buɗe asusu da shi shekaru da suka wuce, wasu ma da lambar waya suka buɗe. Idan za ka yi, nufi waɗanda suka yi hulɗa da shafinka kwanan nan, zaɓi fom mai matakin dubawa kafin a tura, kuma haɗa shi da manhajar wasiƙar don maraba ta tafi nan take. Facebook yana ajiye bayanan kwana 90 ne kawai, kuma wanda ya jira mako biyu kafin ya ji daga gare ka ya riga ya manta ya yi rajista.

Idan kana da zaure, wato group, a Facebook, tambayoyin shiga guda uku ne. Ɗaya ta iya zama neman adireshi, a bayyana cewa na wasiƙar mako-mako ne kuma ba dole ba ne. Kwafe amsar kafin ka amince da mutum.

Ka ba kowace hanya fom ɗinta ko alamarta, ɗaya na Facebook, ɗaya na WhatsApp, ɗaya na talla, don bayan wata biyu ka ga wacce ke kawo masu karatu na gaske. Kada ka dogara da ƙididdigar buɗewa kaɗai, tun 2021 manhajar Mail ta Apple ke buɗe wasiƙu da kanta ko mai wayar bai duba ba. Latsawa da amsa sun fi gaskiya. Wanda ya yi wata uku bai buɗe ba bai latsa ba, aika masa wasiƙa ɗaya ka tambaye shi ko yana son ci gaba, idan shiru ka cire shi. Kuma ka sauke kwafin jerin duk farkon wata ka ajiye a wuri mai kalmar sirri.