Kullum sai na saurari muryar mahaifiyata a waya, ko cutar kaina nake yi?

Ummu_Hanan: Salam 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Wata 9 kenan da rasuwar mahaifiyata, kuma har yau saƙonnin muryarta na nan a WhatsApp ɗina, wanda na fi saurare ma ba wata doguwar magana ba ce, cewa kawai ta yi in na isa in kira ta, sai ɗan tari da ƙarar rufe ƙofa, to ni duk dare sai na kunna shi kafin in kwanta, wataran in ji sanyi a raina wataran kuma in yi ta kuka har kaina ya yi ciwo. Yayata ta ce in goge, wai fama ciwon nake yi, wai mutanen da sun fi mu saurin dangana tunda ba su da irin waɗannan abubuwa. Ni kuma wallahi hannuna ya kasa. Ya zan yi?

Abu_Sadiq: Allah Ya jiƙan Mama, Ya kai haske kabarinta. 'Yar uwa kuka ba rashin tawakkali ba ne, Annabi (SAW) da kansa ya zubar da hawaye lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido na hawaye zuciya na baƙin ciki amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yage tufafi. Kuma cikin abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa mamaci akwai ɗa nagari mai yi masa addu'a, ke ce wannan fa, duk sanda kika gama saurare ki bi ta da addu'a.

Maman_Biyu: Ni kam ban yarda da maganar Yayarki ba ƙanwata, wa ya ce mutanen da can ba sa ajiye komai? Hular mahaifina na cikin akwatina shekara 6, farko har sunsunar ta nake yi, yanzu ƙamshin ya tafi amma ban iya bayar da ita ba. Kuma ko'ina haka ɗan Adam yake, Yahudawa kwana 7 suke zaman makoki, a Sin duk farkon Afrilu suna da ranar zuwa share kaburburan iyaye. A Japan ma, garin Otsuchi, wani mutum ya kafa rumfar tarho a lambunsa a 2010 bayan rasuwar ɗan uwansa, wayar ba a haɗe take da komai ba, amma bayan tsunamin 2011 dubban mutane suka riƙa zuwa suna ɗaga kan wayar suna magana da nasu da ruwa ya tafi da su. Ranar da na karanta wannan na daɗe ban ce uffan ba.

Injiniya_B: Anti kafin komai ki kwafe su zuwa imel ko kwamfuta yau ɗin nan, waya na iya faɗawa ruwa ko a sace. WhatsApp kan rufe asusun da ya kai kwana 120 ba a taɓa shi ba, layin kuma kamfani na iya ba wani. Ni ya faru da ni, na buɗe hirarmu da marigayi abokina sai na ga hoton wani baƙo a wurin nasa, ranar ko abinci ban ci ba. In Mama tana da Facebook kuma ana iya mayar da shafin na tunawa, tun 2009 suke da wannan tsarin.

Nas_Jummai: Tambayar da zan miki ita ce, kina samun barci? Kina cin abinci, kina fita aikinki, kina shiga mutane? In eh, ki bar muryar Mama a inda take. Amma in kewar ta hana ki komai kusan kullum, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa baƙin cikin rashi mai tsananin da ya zarce wata 6 yana hana mutum harkokinsa cikin abubuwan da ake dubawa a asibiti, ki ga likitan ƙwaƙwalwa ba abin kunya ba ne. Yayarki ma ki tausaya mata, ƙila ita jin muryar ne ba za ta iya ɗauka ba.

Ummu_Hanan: Na gode ƙwarai, Allah Ya jiƙan namu baki ɗaya. Na tura su imel yanzun nan. Anti Jummai abinci ina ci, aiki ma ina zuwa, barcin ne dai sai wajen ƙarfe 2, zan je a duba ni. Yaya kuma ban taɓa tambayarta yadda take ji ba sai da kika faɗa, anjima zan kira ta.